Hayaƙin Iya Ya Riga Ni Magana

Sallama gare ku masu bin labarina, da ku da yau ne kuka fara leƙowa. Ku matso kusa, yau zan faɗi abin da na daɗe ina kewaye shi.

Sunana Munira. A Alsahafa aka haife ni, kudancin Khartum, a gidan da kakana ya gina bayan ya gaji da tsinkar auduga a Jazira. Hausarmu a cikin gida take zaune, da mun taka titi sai Larabci. Abin da zan ba ku ya faru kafin yaƙi, lokacin da babbar damuwar mai hawa gadar Omdurman ita ce cunkoson motoci.

Tun ina shekara tara nake da ciwon fata a bayan hannuwana. Ya yi ƙaiƙayi, ya bushe, ya tsage. Wata likita a asibitin Soba ta ba ni man shafawa a farin bututu, in na kiyaye shi sai ciwon ya kwanta, amma bai taɓa tafiya ba. Lalle kuwa an hana ni. Duk bikin ƙawayena ni ce mai riƙe musu waya, ni ce mai ba su ruwa a baki suna jiran hannayensu su bushe. Ina dariya da su, in dawo gida in kalli nawa.

Shi ya sa nake sa baƙar safar hannu a shagon fotokwafin da nake aiki, kusa da inda ɗaliban ƙasashen waje suke kwana. Wata rana injin ya cinye takarda, na dake shi na ce, “Allah ya shirye ka.”

Sai na ji an ce a bayana, “Amin. Sai dai ina jin ba ya jin Hausa, Malama.”

Sabitu ke nan. Ɗan Damagaram, dogo, da hula mai aikin hannu wadda ta koɗe a goshi, da biro a bayan kunne wanda yakan manta ya yi ta nema a aljihu. Wata huɗu yana kawo takardun da ba sa bukatar kwafi. Ya ɗauka tsananin ustazanci ne ya sa nake rufe hannu. Ranar da na gaji na zare safar a gabansa, bai kau da kai ba, bai kuma yi saurin cewa ba komai kamar yadda mutane suke yi ba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Yana yi miki zafi in kina alwala?”

Shekara goma sha huɗu, ba wanda ya taɓa yi min wannan tambayar. A ranar na san na shiga uku.

Matsalata ɗaya. Saura mako shida ya gama karatu, kuma bai taɓa taka ƙofar gidanmu ba. Babana, Malam Mika'ilu, ɗan kamasho ne a tashar motar Suk al-Shabi, shekara talatin yana kallon masu tafiya. Kullum cewa yake, “Ɗalibi shamuwa ne. Da damina ta wuce sai ka ga sheƙa ba kowa.” Sabitu ya san wannan magana, ni na faɗa masa, na kuma yi nadamar faɗa. Daga ranar ya ƙara jin nauyin zuwa.

Wata Talata ya shigo shago yana murmushi, ya ajiye min kwalba wadda ba ta kai ɗan yatsana ba. A ciki akwai fararen ƙwayoyi kamar ƙwan tururuwa. Ya haɗa da ɗan gwangwani na man shafawa ruwan ɗorawa.

“Homiyofati sunansa,” ya ce. “Wani tsoho ne a kasuwar Omdurman, Dakta Sharafaddeen. Shi ya raba ni da ciwon kai. Abin da ke kawo cuta shi ake ɗiba kaɗan, a yi ta tsinka shi da ruwa ana girgizawa, har ya zama kamar ɗigo ɗaya a cikin Nilu.”

“To in ɗigo ɗaya ne a Nilu, ai mun daɗe muna sha a famfo.”

Ya yi dariya har biron ya faɗo. Sannan ya rage murya. “Na ba shi labarin hannunki. Ina so in ga lalle a kansa, Munira.”

Masu karatu, ku faɗa min, wace mace ce za ta ji haka ta tsaya tambayar abin da aka zuba a gwangwani?

Kafin in isa gida saƙonsa ya shigo: “Biyar da safe a ƙarƙashin harshe. Kada ki taɓa su da hannu, ki zuba a murfi. Ban da jabana, ban da na'ana'a, ban da turare. Man asibitin ki ɗan ajiye shi, su a wurinsu tura cutar yake yi ciki.”

Ban da jabana, wato gahawa, a gidanmu. Kakata Iya ba ta yarda gari ya waye ba sai ta soya gahawa a kasko, ta zagaya da shi kowa ya shaƙa, ta daka da citta, ta dafa a ɗan tulun ƙasa mai dogon wuya. Ummana ta tafi Madani jinyar ƙanwarta, saura ni da Iya da Baba. Da Iya ta nufo ni da kasko sai in gudu banɗaki.

“Ja'ira,” ta ce, “aljanu ne kawai na san suna gudun ƙamshi.”

Na ɓoye farin bututun a ƙasan akwati. Kowace safiya ƙwayoyi biyar su narke a bakina, zaƙi kawai, sai in ji kamar shi ne ya zo ya gaishe ni.

Rana ta huɗu hannuwana suka yi ja, ƙaiƙayin ya ninka. Na ɗauki hoto na tura masa. Ya amsa: “Dakta ya ce hakan yakan faru da farko, cutar ce take fitowa. Kwana biyu ko uku ne. In ya wuce haka ki faɗa min.”

Ga inda laifina yake, kuma ba zan ɗora wa kowa ba. Ya wuce haka, ban faɗa ba. Rana ta shida ƙuraje masu ruwa suka fito duk inda man gwangwanin ya taɓa. Rana ta bakwai suka haura wuyan hannu. Shi kuwa kullum da safe: “Ya hannu?” Ni kuma: “Da sauƙi sosai.” Ina rubutawa da ɗan yatsa ɗaya don sauran ba sa lanƙwasuwa. Ina so ya zama shi ne ya warkar da ni. Ina tunanin ranar da zan shimfiɗa wa Baba hannuwana sumul in ce, ga aikin shamuwar da kake faɗa. Na kuma san in Baba ya ji wanda ya kawo kwalbar alhali hannuna yana haka, magana ta mutu tun ba a fara ta ba.

Rana ta tara safar ta manne da fatar. Ina tsugune a bakin famfo ina jiƙa ta ina kuka a hankali, sai ga inuwar Iya a kaina. Ba ta yi salati ba, ba ta yi faɗa ba. Ta kama hannun ta juya shi.

“Wa ya ba ki?”

“Wata ƙawata.”

“Ƙawar taki tana da gemu?”

Na ci gaba da jiƙa safar.

“Ɗauko mayafinki. Ki kai ni wurin mai maganin.”

Muka hau mota zuwa Omdurman. A kan gada Iya ta leƙa inda ruwan Nilu biyu suke tafiya kafaɗa da kafaɗa, ɗaya fari ɗaya duhu, ba su gauraya ba tukuna. Ta ce wai tun tana yarinya take jiran ta ga wanda zai fara yi wa wani magana. Ni na san da mu take, ni da mai gemun.

Shagon yana can cikin lungun masu sayar da ƙirgi. A saman ƙofa an rataye busasshen ɗan kada, an sa masa tsohon gilashin ido. A ciki kwalabe sun fi dubu, duk iri ɗaya, duk fararen ƙwayoyi, sai agogon bango mai hannu ɗaya. Dakta Sharafaddeen tsoho ne siriri, ya ce a Indiya ya koyo. Da na warware hannuna sai fuskarsa ta canza.

“Kwana nawa?”

“Tara.”

“Na ce wa yaron biyu ko uku. Kuma ban gan ki ba, labari aka ba ni, wannan kuskurena ne.” Ya karɓi gwangwanin ya shinshina. “Ki daina duka, ƙwayar da man, daga yanzu. A littafinmu ƙamshi mai ƙarfi yana karya maganin, kamar gahawa ko kafur. Amma wannan ya fi ƙarfin shagona, 'yata. Ki koma wurin likitarki gobe.”

Magana uku ya yi. Iya ta ƙamshin kawai ta ɗauko. Duk hanya tana maimaitawa, “Ƙamshi mai ƙarfi. Ashe abin ma mai sauƙi ne.”

Waɗanda ba 'yan Sudan ba, bari in yi muku bayani. A bayan madafar kowane tsohon gida a nan akwai ɗan rami. Ana kunna itacen ɗalih a ciki, a ɗora tabarma mai huda a tsakiya, mace ta shafe jiki da mai ta zauna a kai, a lulluɓe ta da bargo mai kauri hayaƙin ya ratsa ta. Dukhan ake ce masa. Ƙamshinsa yana kwanaki a jiki, ba sabulun da ke fitar da shi. Kuma na matan aure ne, sai amaryar da aka sa wa rana. Budurwa ba ta hawa.

Washegari da hantsi, Baba na fita, Iya ta janye tsohon faranti daga bakin ramin Umma.

“Iya, ni fa budurwa ce.”

“Ciwon ya tambaye ki takardar aure kafin ya kama ki? Magani ne, ba ado ba. Hau.”

“Mai maganin fa ya ce likita...”

“Likita gobe. Yau nawa.”

Na hau. Gumi ya yi ta zuba, idona na hawaye, hannuwana kamar an tsoma su a barkono. Hayaƙi kuwa ya bi ta saman katanga abinsa, shuɗi-shuɗi, ya shiga gida bayan gida. Unguwa duk ta san Umma tana Madani. Ta kuma san Iya ta haura tamanin, mijinta ya rasu tun ba a haife ni ba. Saura wa?

Kafin azahar hannuwana suka kumbura har zoben azurfata ya nutse. Iya da kanta ta tsorata, ta tare mana raksha, keke mai ƙafa uku, sai Soba.

Likitar ta jera kayan a tebur: kwalba, gwangwani, da farin bututun da na tono daga akwati. Ta shaƙi iska, ta kalle ni, ta kalli yatsana.

“Mabruk. Yaushe bikin?”

“Ba biki, Dakta.”

Da na gama ba ta labari ta dafe goshi. Ta ce ƙwayoyin galibi sukari ne, ko da yake ba za ta rantse a kan abin da ba ta auna ba. Ta ce abu uku ne suka haɗu a kaina: na yanke man da fatata ta saba da shi lokaci ɗaya, na shafa ganyen da jikina ba ya so, sannan aka gasa ni. Har ƙwayar cuta ta shiga tsagar.

“Ki ji ni da kyau. Duk maganin da kika sha kika ga kina ƙara lalacewa kwana bayan kwana, ko na wane ne, ko nawa ne, ki tsaya ki zo da shi a hannu. Kada ki zauna jiran wai cuta tana fitowa. Ranar da kuwa leɓe ko maƙogwaro ya kumbura, ba saƙo ake turawa ba, asibiti ake zuwa.” Ta juya wurin Iya. “Hajiya, ke kuma ramin nan a rufe shi.”

Iya ta gyara mayafi ta ce min da Hausa, “Yarinyar nan ba ta da kunya, amma ta iya aiki.”

Aka wanke, aka naɗe, aka ba ni ƙwayoyi manya masu ɗaci. Kwana biyu kumburin ya fara sauka.

Rana ta uku bayan asibiti dole na je shago, don ranar Sabitu zai karɓi kundin karatunsa da muka ɗinke. Na yi wanka sau uku. Na sa doguwar riga ruwan toka, na ja safa a kan bandejin. A cikin mota wata mata ta matse min gwiwa tana murmushi.

Ya shigo da sallamarsa, biro a kunne. Taku biyu ya yi ya tsaya. Shekara biyar yana Sudan, ya san wannan ƙamshin. Na ga hancinsa ya gane kafin zuciyarsa ta yarda. Kamar an aiko ta, Layla mai shayin ƙofar shago ta leƙo ta ce da Larabci, “Amarya, ba gayyata? Har a nan muke jin ki.”

Kalma nawa ce? Maganinka ne ya ƙone ni, kakata ta yi min hayaƙi don ta karya shi. Amma in na faɗa, na gaya masa kwana tara ina yi masa ƙarya, na kuma gaya masa hannun da ya so ya ga lalle a kai shi ya jawo masa wannan. Sai kawai na tura masa kundin a kan tebur.

Ya ɗauki kundin da hannu biyu. “Allah ya sanya alheri, Malama.”

Malama. Rabon da ya kira ni haka tun ranar injin.

Na bi bayansa da ido har ya sha kwana. Ya manta biron a kan tebur, wannan karon da gaske. Yana nan a jakata har yau.

Da yamma saƙo ya shigo: “Na sayi tikiti, Alhamis ne. Ban yi fushi ba, ni na yi jinkiri. Na gode da Hausar da kika ajiye min a garin nan.”

Na karanta ya fi sau ashirin. Na rubuta amsa na goge, na rubuta na goge. Ranar Litinin ce.

Talata da azahar Baba ya dawo daga tasha tun lokacinsa bai yi ba. Ya zauna a gadon igiya a ƙarƙashin rumfa, ya cire rawani ya ɗora a gwiwa.

“Iya, yau mutum bakwai suka yi min mabruk. Har direban Madani ya ce zai kawo rago. Ina aurar da 'ya ban sani ba?”

Iya tana tsince shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba. “Ni hayaƙi na kunna, Mika'ilu. Ban aike shi gidan kowa ba.”

“Munira.”

Na fito na durƙusa. Ya ce in nuna masa hannuna. Ya daɗe yana kallon bandejin. Ban san daga ina ƙarfin ya zo min ba, na faɗa masa komai: injin, safar, tambayar alwala, kwalbar, kwana taran da na ɓoye, da tikitin Alhamis.

“Ya san halin da hannun yake?”

“Bai sani ba, Baba. Da sauƙi nake ce masa.”

“Don me?”

Na sunkuyar da kai. Iya ce ta amsa. “Don abin da ya sa uwarta ta ci tuwonka mai gishiri biyu ranar da ka ce ka iya girki.”

Baba bai yi dariya ba. Ya miƙo hannu. “Ba ni lambar.”

Ya sa wayar a kunne, ina jin ƙararta daga inda nake. Sau huɗu ta yi.

“Kai ne mai ƙananan ƙwayoyi? Mika'ilu ne, uban Munira. Maganinka ya ƙona min hannun 'ya, hayaƙin uwata ya ɗaura mata aure a bakin unguwa, ango kuma babu. Bayan la'asar ka zo ka faɗa min wanne za ka iya gyarawa.”

Ya kashe bai jira amsa ba.

Tsakanin azahar da la'asar ɗin nan ya fi min shekara goma sha huɗun tsawo. Iya ta share tsakar gida, ta yayyafa ruwa, ta fito da ƙananan kofunan da ba a taɓawa sai Sallah. Tana soya gahawa tana 'yar waƙa a maƙogwaro. Na ce, “Iya, tsakaninki da Allah, ba ki san abin da hayaƙin nan zai jawo ba?”

“Ni tsohuwa ce, me na sani? Matsa min, kina tare min iska.”

An idar da salla da kaɗan aka yi sallama. Ina bayan labule, ta wata 'yar huda nake gani. Farar riga ya sa, guga har tana ƙyalli, idanunsa sun yi ja. Ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa nesa da tabarma.

“Kai kaɗai?” in ji Baba.

“Manyana suna Damagaram, Baba. Amma na yi musu waya, kawuna yana jiran kiranka.” Ya ƙara rusunawa. “Kafin nan, ina neman gafara. Na kawo magani ban kawo mai ciwon an gan ta ba, na kuma sa ta ajiye na likita. Ban san ya kai haka ba.”

“Ita ma ta samu nata faɗan.” Baba ya ɗaga tulun, ya tsiyaya jabana a kofi, ya tura masa. “An ce shekara biyu ba ka sha, wai tana karya maka magani.”

Sabitu ya kalli kofin. Ya ɗauka, ya shanye da zafinsa, cittar ta sa shi tari har hularsa ta karkace. Iya ta ce daga madafa, “A ƙara masa.”

Sannan ya sa hannu a aljihu, ya fito da takarda a ninke, ya ajiye ta a kan farantin kusa da kofin Baba. Na gane ta, irin takardun da nake yi wa ɗalibai kwafi ne in za su tafi gida.

“Wannan tikitin ne. Yana hannunka, Baba.”

Baba ya warware ta. Ba ya karatun boko sosai, amma shekara talatin a tasha sun koya masa inda ake rubuta ranar tafiya. Ya daɗe a kanta. Ya ninke, bai mayar masa ba, bai kuma yaga ba, ya danne ta da tulun jabana.

“Munira,” ya ce, bai waiwayo ba. “Cire safar nan ki fito. In zai yi magana, ya yi ta yana kallon hannun yadda yake.”

Na kama bakin safar da haƙori na ja. Bandejin ya yi rawaya, yana warin magani da sauran hayaƙin Iya. Da wannan hannun na ɗaga labulen.